Hanyar da Njikam Ya Ƙona

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran yammacin damina a Fumban ba. An yi ruwa da la'asar ya ɗauke, jar ƙasa tana fitar da ƙamshinta, farin tururi yana tasowa a hankali daga cikin kwari. A gidan Njikam, can ƙarshen unguwarmu inda gangara take fara sauka zuwa rafi, matarsa Pasma tana tuƙa tuwon masara a madafi, 'yarsu Awawu tana wanke bokitan ban-ruwa, shi kuwa maigidan yana durƙushe a tsakar gida da 'yar wuƙarsa, yana aikin da ba ya yarda kowa ya ga yana yi.

Tsakar gidan nan ba ta da ƙasa a fili ko da faɗin tafin hannu. Wata shuka ce mai yaɗo ta lulluɓe ta tun daga bakin ƙofa har gindin danga, ganyenta ƙanana kamar farcen babban yatsa, tsakiya kore shar, gefe fari kamar an tsoma a nono. Ba ta kaɗe ganye, rani ko damina. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa ta miƙa gaba. Mu dai mayafin ƙasa muke ce mata, kuma duk garin a wurin Njikam kaɗai ake samunta. Masu gidaje a kan gangara sukan saya don ta riƙe musu ƙasa kada ruwa ya cinye, amma kafin shekara ta zagayo sai tasu ta rikiɗe ta koma koriya zalla, su dawo su sake saye. In sun tambaye shi dalili sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙasarsu ce ba ta da kyau.

Ba ƙasa ba ce. Lokaci-lokaci shukar takan fitar da reshe kore zalla, marar fari ko ɗigo, kuma wannan reshen ya fi sauran ƙarfi da sauri nesa ba kusa ba. In aka bar shi sai ya haye kan 'yan'uwansa ya danne su. Dole a bi shi har gaɓar da ya fito a yanke. Sirrin ke nan gaba ɗayansa, kuma shi Njikam yake yi kullum gab da magariba, lokacin da maza suka nufi masallaci, mata suna kan murhu, babu mai leƙe. Shekara tara yana yanka yana watsa korayen rassan ta bayan danga, cikin kwarin da ya gangara rafi.

Shi mutumin, Allah ya yi shi da zargi. In ka gaishe shi da fara'a sai ya shiga tunanin me kake nema, in ka wuce ba ka gaishe shi ba sai ya ce akwai abin da kake ɓoyewa. Baƙo in ya shigo sayen shuka ba fuskarsa yake duba ba, yatsunsa yake bi da ido. Kuma ba mu ga laifinsa duka ba, don kowa ya san halin masu shuka a garin nan. Sun yarda cewa reshen da ka roƙa aka ba ka ba ya kamawa, sai wanda ka tsinke ka cusa a aljihu mai shi bai gani ba. Matan manyan mutane ma, in sun je barka gidan da ke da fure mai kyau, da wuya su fito hannu rabbana.

Kwana uku kafin wannan yammacin, Njikam ya leƙa ta kan danga ya ga sawu a cikin kwari, sawun ƙafa da ramin sanda a gefensa. Bai tsaya wata-wata ba ya nufi gidan maƙwabciyarsa Na Mapon, tsohuwar da mijinta ya daɗe da rasuwa, wadda bakinta ya fi barkono zafi. A gaban mai unguwa da duk wanda ya fito kallo ya tsare ta.

"Na Mapon, sawun wa na gani a kwarina?"

"Kwarinka? Yaushe aka raba gādon kwari aka ba ka?"

"Sawu da sanda. Mutum nawa ne masu dogara sanda a unguwar nan?"

"To je ka kama sandar ka kai ta kotu mana. Ni da furfurata zan shiga rami in tsinci sharar da ka zubar? Ban ɗauka ba, ba ni da shi, kowa ya ji!"

Aka yi dariya aka watse. Shi kuwa bai yi dariya ba. A ransa ya ce wanda ya ɗauki na kwari yau, gobe na tsakar gida zai ɗauka. Washegari ya sauka kwarin da adda da fartanya da galan na kananzir, karo na farko a shekara tara. Abin da ya tarar ya ɗan tsayar da shi. Korayen rassan da yake zubarwa sun kama, amma ba su bazu ko'ina ba yadda irin wannan shuka take yi. Sun miƙe siriri, faɗin tabarma ɗaya, sun bi tsakiyar kwarin ɗoɗar har saura taku bakwai su taɓa ruwa. Ya yi mamaki na ɗan lokaci, sannan ya sare su, ya tone saiwoyin, ya tara da busasshen ganyen ayaba ya cinna wuta. Da yamma kwarin ya koma baƙin toka da jar ƙasa tsirara.

To, a wannan yammacin na uku, yana durƙushe ya kama wani koren reshe zai yanke, sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ƙara ɗaya, mai nauyi. Abin ya gangaro a hankali ya faɗo gabansa. Dutse ne ɗan mulmulalle, irin na ƙasan rafi, jiƙe sharkaf, da sanyi kamar yanzu aka tsamo shi.

Pasma ta leƙo da muciya a hannu. "Mene ne wannan?"

"Tsohuwar nan ce," in ji shi. "Ta fara."

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo. Aka kira sallar magariba, aka idar, duwatsun suna ta sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a amsa. Da duhu ya rufe sai suka tsaya. Awawu ta tsince su ta tara a gindin bango, guda bakwai.

Washegari Njikam bai taɓa wuƙa ba. Ya laɓe a jikin danga tun la'asar sakaliya, idonsa a kan gidan Na Mapon. Tsohuwar tana zaune a ƙofarta a fili, tana ɓarar gyaɗa da hannu biyu. Yana kallon hannayen nan nata dutse ya sauka a kan rufinsa. Da wani ne ya ga haka, da jikinsa ya yi sanyi, amma Njikam sai ya sauya wanda yake zargi. Ya tuna ƙanen Pasma ya taɓa cewa yana son fara sana'ar shuka. Ya shiga gida ya tsare matarsa.

"Kin gaya wa ɗan'uwanki yadda nake yankan nan?"

"Ni? Shekara tara ina ganinka kana rarrafe kamar mai neman allura, na taɓa tambayarka?"

"To wa ke son ya kore ni daga gidana?"

"Maigida, duwatsun nan a jiƙe suke," ta faɗa a hankali. "Daga nan zuwa rafi, wane hannu ne zai jefo su?"

Ya fita ya ƙara wa ƙofar gida sakata.

A yammaci na gaba Pasma ce ta ji muryar. Ta sunkuya za ta ɗauki tukunya a tsakar gida, kunnenta ya kusanci ganyen, sai ta ji kamar wata tsohuwa tana magana daga ƙarƙashinsa, ƙasa-ƙasa, ba fushi, ba kuka. Kalma biyu take ta maimaitawa: "Ina hanya? Ina hanya?" Pasma ta saki tukunyar ta fashe. Da ta gaya wa mijinta sai ya ce iska ce a cikin ganye, amma ya daɗe yana kallon bakinta, kamar yana auna ko wani ne ya koya mata abin da za ta faɗa.

Awawu shekararta goma sha shida, yarinya mai sanyin hali, ita take ba shukar ruwa da rani tun tana 'yar shekara bakwai, ita take barbaɗa mata ruɓaɓɓen ɓawon kofi a gindi, kuma ba ta taɓa taka ta da takalmi ba. A rana ta biyar ta ƙi cin tuwo. Ruwa kawai take sha, kofi bayan kofi. Ta ƙi fita rana, ta rakuɓe a inuwar bango ta yi shiru. Da magariba ta gabato Pasma ta neme ta ba ta gani ba. Ƙofar gida a kulle take da sakatarta biyu.

A bayan danga suka same ta, a bakin ƙonannen kwarin. Tafiya take yi, amma ba irin ta mutane ba. Sai ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye, ta sunkuya ta dafa tafin hannunta a ƙasa, ta danna, ta daɗe a haka kamar mai jiran wani abu ya kama, sannan ta ɗago ta sake taku ɗaya. Njikam ya tsaya yana kallo, gashin jikinsa ya tashi, domin ya san wannan tafiyar. Shekara tara yana ganinta a tsakar gidansa, gaɓa bayan gaɓa.

"Awawu!" ya kira.

Ba ta waiwayo ba. Sai da maza uku suka taru kafin aka ɗaga ta daga wurin, kuma dukkansu sun ce kamar kututture suke tugewa. Da duhu ya rufe jikinta ya saki, ta yi barci, da safe ba ta tuna komai ba.

Aka kai ta asibiti, aka auna jini aka duba ido, aka ce ba a ga komai ba. Aka kulle ta a ɗaki, magariba na yi aka same ta a kwari, ta wuce inda ta tsaya jiya. Aka ɗaure ƙafarta da zane a jikin gado, aka tarar da zanen a yashe, ƙullin bai warware ba, ita kuwa ta kai rabin gangara. Kullum daga inda ta tsaya take ɗorawa. Rafin kuma bana ya cika ya batse, jan ruwa mai gudu wanda ko namiji ba ya shiga. Kowa a unguwa ya iya lissafin da idonsa: kwana biyu, in ya yi yawa uku, yarinyar nan za ta kai ruwa.

Pasma ta ce a kira Malam Mefire. Njikam ya ce malamai tambaya gare su, kuma ba ya son a cika masa gida da 'yan kallo masu dogayen yatsu.

Ta dube shi tsawon lokaci, ta yafa mayafinta. "Kai zauna ka yi gadin ganye," ta ce. "Ni zan je in nemo wa 'yata rai."

Malam Mefire ɗan ƙaramin tsoho ne, tsohon manomin kofi, mai magana kamar ba ya so. Bayan la'asar ya iso. A bakin ƙofa ya tsaya ya daɗe yana kallon tsakar gidan, sannan ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya yi sallama, ba ga mutanen gidan kaɗai ba.

"Njikam, ina ka samo wannan shukar?"

"A kasuwar Bafusam, Malam. Wani mutum na saya a wurinsa."

"Wane mutum?"

"Ya daɗe da rasuwa."

Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a baranda, aka zaunar da Awawu, uwarta ta riƙe ta ta baya. Maƙwabta suka taru a wajen danga, ba mai tari. Rana ta sunkuya bayan tudu, inuwa ta cinye tsakar gidan, farin gefen ganyen ya rage shi kaɗai ake gani, yana ɗan haske a cikin duhu-duhun. Malam ya fara karatu a hankali. Duwatsu suka fara sauka, wannan karon ba a kan rufi ba, a kewayen tabarmar, suna jeruwa ba su taɓa kowa ba. Ya ci gaba. Jikin yarinyar ya sandare, tafukanta biyu suka manne da daɓe. Ya ɗaga murya kaɗan, ya maimaita ayoyin, ya sake maimaitawa, har gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Sai bakin Awawu ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, busasshiya, a gajiye.

"Ya isa, tsoho. An riga an ƙona ni sau ɗaya a gidan nan."

Pasma ta runtse ido, amma ba ta saki 'yarta ba.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Tambayi ɓarawon da ke tsaye a bayanka."

Ba wanda ya waiwaya, amma kowa ya san wa ke tsaye a wurin.

"Musulma ce ke?"

"Tun kakanka bai san ina ne alƙibla ba."

"To ki ji tsoron Allah ki faɗi abin da ya kawo ki."

"Kawo ni aka yi. Ina zaune lafiya a idon ruwan da ke bayan tsohuwar gonar kofi, can sama inda rafin nan ya faro. Wannan shimfiɗata ce. Farin da kuke yabawa, wurin kwanciyata ne. Mutumin nan ya zo da magariba, bai yi sallama ba, ya waiga hagu ya waiga dama, ya tsinke reshen da nake kai ya cusa a aljihu. A cikin baƙar leda na farka."

"Me ya hana ki komawa?"

"Irinmu ba ma taka ƙasa tsirara. Sai kan ganye, sai cikin ruwa." Muryar ta ja numfashi. "Ban yi masa komai ba, Malam. Ya ci, ya sha, ya yi rufin kwano da shimfiɗata, na ce ba komai in dai zan samu hanya. Ni nake turo koren reshen, don shi ya fi sauri. Yana yankewa yana zubarwa a kwari, ni kuma ina jerawa. Shekara tara. Saura taku bakwai in taɓa ruwa, ruwa ya kai ni gida."

Can ƙasa ana jin rurin rafi.

"Tun da ya ƙone min hanya," in ji muryar, "na ari ƙafa."

"Ƙafar da kika ara, za ki mayar?"

"Ruwan yana da zurfi bana."

Pasma ta fashe da kuka marar sauti. Malam ya ce za a sake shuka mata hanyar, Njikam da hannunsa, daga danga har bakin ruwa. Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta ce wata shekara taran ke nan, kuma ita ta gama yarda da mai wuƙa. Malam ya ce a yanka rago a yi sadaka. Ta ce me za ta yi da rago, gida take so. Hannayen yarinyar suka fara jan jikinta zuwa bakin baranda, da uwar da ke riƙe da ita duka.

Malam ya sunkuyo kusa, ya sassauta murya kamar mai magana da tsohuwar maƙwabciya.

"Kin ce ya ɗauke ki bai nemi izini ba, kuma kin yi gaskiya. To ke, yarinyar nan, izinin wa kika nema? Ita ta tsinke ki? Ko ita ta cinna wutar?"

Hannayen suka tsaya.

"Wa yake ba ki ruwa da rani?"

Da muryar ta dawo, ta ƙara tsufa.

"Ba ta taɓa taka ni da takalmi ba," ta ce.

"To abin da za ki saka mata da shi ke nan?"

"Akwai guntu ɗaya da ya tsira daga wutar," in ji muryar daga baya, kamar ana ciro maganar da ƙarfi. "Yana bakin ruwa, a ƙarƙashin ganyen gwaza, saiwarsa ta riga ta sha rafi. Ina jin sa. Amma wadda ta shuka ta tsaya a gaban jama'a ta ce ba ta da shi. Abin da mai shi ya ce babu, ba na iya hawa kansa. Ta ce nata ne, ta ce in bi, in sauka a can in bar muku 'yarku. Amma kafin duhu ya rufe. In ya rufe, yau ƙafar nan za ta kai ni."

"Ashe ita ce!" Njikam ya yi tsalle. "Na faɗa! Wallahi na faɗa, sawu da sanda!"

Pasma ta ɗago jajayen idanunta. "Kai wane irin mutum ne?" ta ce. "'Yarka ce a nan!"

Malam ya dube shi kawai. "Kai ba ka ji sunan da aka kira ka da shi ba?"

Na ga fuskar Njikam a lokacin, kuma har yau tausayinsa nake ji in na tuna. Ya dubi 'yarsa, ya dubi sama inda ɗan jan hasken da ya rage yake ta ƙanƙancewa. Ya zare sakatun nan biyu ya fita ba takalmi. Na Mapon tana cikin 'yan kallo, dogare da sandarta. Jama'a suka dāre, ya zo gabanta ya durƙusa a cikin taɓo.

"Yau kuma me na sata?" ta ce, amma muryarta ba ta da zafin da muka sani.

"Inna, ni ne ɓarawon farko. Ba a Bafusam na saya ba, tsinkowa na yi, kowa ya ji. Na kira ki da sunan da yake nawa." "Roƙonki na zo yi. Ban taɓa roƙon kowa ganye ba."

Tsohuwar ta dubi mai unguwa, ta dubi matan da suka yi mata dariyar goyon baya ranar nan. Ba ƙaramin abu ba ne mace mai furfura ta ƙaryata kanta a gaban 'ya'yan cikinta.

"Kun ji na ce ban ɗauka ba," ta faɗa da ƙarfi. "To na ɗauka. Ruwa yana cinye min gaɓar rafi inda nake wanki, ga abu yana riƙe ƙasa a banza a cikin rami. Da na roƙe ka, za ka ba ni?"

"A'a, Inna."

"Kuma da ka ba ni ba zai kama ba." Ta buga sandarta a ƙasa. "Tashi ka ɗauko yarinyar, sakarai, duhu yake yi!"

Malam ya ce kada ƙafarta ta taɓa ƙasa. Njikam ya goya 'yarsa kamar jaririya, ya bi ta cikin kwarin da ya ƙona, toka jiƙaƙƙiya tana zame masa a ƙafa. Daga baya ya ce duk taku sai nauyinta ya ƙaru, har ya ji ƙashin bayansa zai karye. Malam yana gefensa yana karatu, Pasma tana tallafe da Na Mapon, mu kuma muna biye a nesa-nesa. A bakin rafi, kusa da wani faffaɗan dutsen wanki, tsohuwar ta sa sanda ta ɗage ganyen gwaza. Ga shi nan, kore shar, bai fi tabarma biyu ba, ƙarshensa yana lilo a cikin jan ruwa.

Njikam ya sauke yarinyar a kan ganyen, ya zagaye ƙugunta da hannu biyu ya riƙe gam.

"Nawa ne," in ji Na Mapon, tana haki. "Ni na sata, ni na shuka. Bi ki wuce lafiya, baiwar Allah."

Awawu ta sunkuya ta damƙi reshe ɗaya da hannun hagu. Sai muka ga ganyen da ke gabanta ya lotsa, kamar an ɗora masa ƙafa. Na gabansa ya lotsa, wancan ya ɗago. Haka, a hankali, taku bayan taku, ba iska ba komai, har bakin ruwa. Jikin yarinyar ya fizga gaba sau ɗaya, da ƙarfin da ya ja uban har gwiwarsa ta nutse a laka, amma bai sake ta ba. Ruwan ya yi wata 'yar ƙara, kamar an jefa tsakuwa. Daga nan sai rurin rafi kawai, da duhun da ya gama rufewa.

"Baba," in ji Awawu da muryarta, "ka matse ni da yawa. Me muke yi a nan?"

Kuka yake yi kamar yaro, fuskarsa a bayanta.

Dutse bai sake faɗowa a gidan ba. Kafin damina ta ƙare, duk sabon ganyen da ya fito a tsakar gidan kore ne zalla, tsofaffin masu farin gefe suka bushe ɗaya bayan ɗaya, har ba a samun ko guda na nunawa. Masu saye suka zo suka duba suka koma. Njikam ya koma renon dashen tumatir da na kofi kamar kowa, wuƙar ta yi tsatsa a saman taga. Ƙofarsa a buɗe take yanzu, kuma in mace ta sunkuya kamar tana gyara takalmi a tsakar gidansa, yakan kau da kai, ko da yake wuyansa ba ya son juyawa.

Awawu ta warke sarai, ta yi ƙiba, tana dariya. Sai dai a gefen tafin hannunta na hagu, inda ta damƙi reshen, wani ɗan siririn fari ya fito, kamar an tsoma gefen hannun a nono. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Malam ya duba ya ce a bar shi, alama ce kawai ta wadda ta wuce.

Njikam ya ce to. Amma kullum gab da magariba, lokacin da maza suka nufi masallaci, mata suna kan murhu, sai ya kira 'yarsa ta zo. Ya kama hannun, ya juya shi wajen sauran hasken, ya bi gefen farin da yatsa a hankali, yana auna shi da na jiya. Har yau bai ƙaru ba, kuma har yau bai daina dubawa ba.